Guru da Shaihi, Tirta da Hubbare: Sharhi a kan Da'awar Asalin Indiya a Littafin Ihsan Ilahi Zahir

Littafin Al-Tasawwuf: al-Mansha' wa al-Masadir na malamin Pakistan, Ihsan Ilahi Zahir, ya fito a Lahore a 1986, shekara guda kafin rasuwar marubucinsa sakamakon raunin bam da aka tayar a wajen wani taron wa'azi, Allah Ya jiƙansa. Zahir ya yi karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina, Larabcinsa mai sauƙi ne, alƙalaminsa kuma mai kaifi, saboda haka littafin ya sami karɓuwa a wajen ɗalibanmu masu karanta Larabci. Har waɗanda ba su taɓa buɗe shi ba sun gaji ɗaya daga cikin da'awoyinsa, wato cewa sufanci ya sha daga addinan Indiya. Zahir ya fi ɗora wannan da'awa a kan zuhudu mai tsanani, da horon kai da yunwa, da ƙaurace wa aure, da yawon duniya ba guzuri. Masu karanta shi a ƙasar Gwandu sun faɗaɗa ta zuwa abubuwa biyu da jayayya ta fi zafi a kansu a wajenmu: ziyarar hubbarori da miƙa wuya ga shaihi. Wanda ya saurari muhawarar matasa a Jega ko Aliero ko Maiyama, har ƙauyukan Dangamaji, zai ji ana cewa shaihi guru ne da ya sa rawani, Hubbare kuwa wurin ibadar Hindu ne da aka sauya wa suna. Wannan sharhi yana auna da'awar ne a asalinta da kuma a yadda aka faɗaɗa ta, domin hukuncin da ake ginawa a kanta yana taɓa imanin maƙwabta da dangi, yana raba sahu, wani lokaci yana raba aure.

Dole a fara da ba littafin haƙƙinsa. Zahir ya karanta littattafan sufaye da kansu, kuma yana nuna wa mai karatu inda ya ɗauko magana. Hikayoyin da ya tattaro daga littattafan ɗabaƙoƙin waliyyai, musamman na Sha'arani, akwai da yawa a cikinsu da babu mai hankalin da zai kare su, kuma malaman ɗariƙa da suke watsi da littafin da kalmar "Wahabiyanci" kawai ba su amsa komai ba. Matsalar tana cikin manhajin da ya bi wajen tabbatar da asali. Yakan kawo aikin wani sufi, ya ajiye kusa da shi aikin wani mai zuhudun Indiya ko wani rahibin Kirista, sannan ya bar kamannin su yi aikin hujja. Inda ya buƙaci shaida ta tarihi kuwa, sai ya jingina da maganganun Turawa masu nazarin Gabas, mutanen da shi da masu karanta shi ba za su karɓi shaidarsu a kan Alƙur'ani ko Hadisi ba. Ɗalibin usulu ya san cewa kamannin sura ba ya tabbatar da haɗuwar illa, ɗalibin hadisi kuma ya san cewa ba a cewa wane ya karɓa daga wane sai an tabbatar sun yi zamani ɗaya kuma akwai hanyar haɗuwa. Littafin bai cika waɗannan sharuɗɗa biyu ba a babin Indiya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙarancin sanin addinin Hindu da ke cikin wannan muhawara tamu, alhali magabatanmu sun bar mana misali na yadda ake yi. Abu Raihan al-Biruni ya koyi harshen Sanskrit, ya zauna da malaman Hindu, ya fassara littafin Patanjali na yoga zuwa Larabci, sannan wajejen 1030 ya kammala Tahƙiƙ ma lil-Hind. Ya bayyana tun a gabatarwa cewa aikinsa hikaya ce ta abin da mutanen suka yi imani da shi yadda suke faɗarsa, ba littafin jayayya ba. Ya keɓe babi ga ziyarar wurarensu masu tsarki, ya ambaci Banaras da Pushkar da Tanesar da Multan, ya kuma lura cewa wannan tafiya a wajensu nafila ce mai lada, ba farilla ba ce kamar Hajjinmu. Biruni ya ga kamanni tsakanin maganganun wasu sufaye, irin su Bisɗami da Shibli, da na masanan Hindu a kan narkewar bawa cikin abin bautarsa, ya kuma faɗi hakan ba tare da ɓoyewa ba. Amma bai mayar da kamannin ya zama nasaba ba. Mutumin da ya fi kowa a zamaninsa sanin ɓangarorin biyu ya tsaya inda iliminsa ya tsaya.

To mene ne ma'anar ziyara a wajen Hindu? Kalmar da suke kiran wurin ziyara da ita ita ce tirta, asalin ma'anarta kuwa mashigin kogi, wurin da ruwa ya yi ƙasa har mutum zai iya ƙetarewa, kamar mashigan da mutanen Jega suka sani a Gulbin Zamfara da rani. Sun ɗauki wannan duniya a matsayin gaɓar da rai yake ta mutuwa yana sake dawowa cikin wani jiki gwargwadon ayyukansa, kuɓuta daga wannan zagaye kuma ita ce ɗaya gaɓar, wadda suke kira moksha. Tirta wuri ne da ƙetarewar take da sauƙi. Saboda haka tsarkin yana cikin wurin kansa: ruwan kogin Ganga yana wanke zunubi a aƙidarsu, wanda ya mutu a Banaras kuma ya kuɓuta daga dawowa, shi ya sa tsofaffi suke ƙaura can su jira ajali. Taron Kumb Mela, wanda yake zagayawa tsakanin Prayagraj da Haridwar da Ujjain da Nashik, kowane gari yana samun babban taronsa kusan bayan shekara 12, ginshiƙinsa wanka ne a kogi a lokacin da taurari suka ayyana. An yi babban taron Prayagraj a farkon 2025. Abu na biyu da mai ziyara yake nema shi ne darshan, wato ya ga abin bauta a cikin gunkinsa, shi ma abin bautar ya gan shi. Diana Eck ta rubuta ɗan littafi mai amfani a kan wannan ma'ana a 1981. Haɗuwar idanun ita ce ibadar.

Akwai wani abu a nan da masu da'awar ba su lura da shi ba, kuma shi kaɗai ya isa ya raunana ƙiyasin Hubbare da tirta. Mafi yawan Hindu ba sa binne mamatansu. Ƙona su suke yi, su zuba tokar a kogi. Manyan wuraren ziyararsu koguna ne da duwatsu da ɗakunan gumaka. Ana binne wasu masu zuhudu da suka bar duniya, ana kuma ziyartar makwancinsu, amma wannan reshe ne, ba shi ne gangar jikin ziyararsu ba. Ziyarar kabari kuwa tana da asali tabbatacce a Sunna: Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ta da farko sannan ya yi izini da ita, an kuma bayyana hikimarta da tuna lahira, shi da kansa yana zuwa Baƙi'a yana yi wa mutanenta addu'a. Mai ziyara a wannan sura shi ne mai bayarwa, mamaci ne mai karɓar addu'a, ƙasar wurin kuma ba ta wanke zunubin kowa. Saɓanin malamanmu ya faɗo ne a kan abin da ya biyo baya: ɗaura niyyar tafiya musamman domin kabari, da tawassuli, da tabarruki. Fatawar Ibn Taimiyya a kan tafiya domin ziyarar kaburbura, wadda ya gina a kan hadisin masallatai uku, ita ta kai shi kurkukun Dimashƙa a 1326, inda ya rasu a 1328. Subki ya yi masa raddi a Shifa' al-Siƙam, Ibn Abdil Hadi ya mayar wa Subki martani a Al-Sarim al-Munki. Duk zafin wannan muhawara, an yi ta ne da ayoyi da hadisai da ayyukan Sahabbai. Babu ɗayansu da ya ga buƙatar zuwa Banaras neman asalin abin da suke jayayya a kansa.

Batun guru ya fi wannan wuya, kuma a nan ne ya kamata mai kare sufanci ya rage gaggawa. A al'adar Hindu, ilimin kuɓuta ba a ɗaukarsa daga littafi kawai. Kalmar Upanishad kanta ana fassara ta da zama kusa da malami. Guru yana shigar da almajiri hanya ta wani biki da suke kira diksha, ya raɗa masa kalmar da zai riƙa maimaitawa, almajirin kuma ya yi masa hidima, ya taɓa ƙafafunsa, wasu har su wanke su. Suna da ranar girmama guru a kowace shekara, Guru Purnima, wadda take faɗowa tsakanin Yuni da Yuli. Duk wanda ya san mubaya'a da talƙini da wuridi da hidimar zawiya zai ga surar da ya sani. Amma a ƙarƙashin surar akwai aƙida. A mazhabar Shankara, wadda take cewa ran mutum da Hakikar Ƙoli abu ɗaya ne, guru shi ne wanda ya gane wannan kasancewa ɗaya, don haka girmama shi da bauta wa abin bauta ba su da iyaka a tsakaninsu. Akwai nassosinsu da suke daidaita guru da manyan allolinsu kai tsaye. Mazhabar Madhva ta ƙarni na 13 tana tabbatar da bambanci tsakanin rai da Ubangiji, abin da ke nuna cewa ko "Hindu" ɗin da muke jefa wa juna ba abu ɗaya ba ne. Su ma suna da masu sukar ziyara daga cikin gida: mawaƙi Kabir na ƙarni na 15 ya yi ba'a ga masu neman tsarki a wanka, har ana ruwaito cewa ya bar Banaras da gangan ya je ya mutu a Maghar, Dayananda Saraswati kuma, wanda ya kafa ƙungiyar Arya Samaj a 1875, ya yaƙi gumaka da ziyarce-ziyarce da sunan komawa ga nassin Veda.

A ɓangarenmu, littattafan sufaye na farko suna ɗauke da harshe biyu, kuma adalci shi ne a faɗi duka biyun. Risalar Ƙushairi, wadda aka rubuta a 1045, ta kawo maganganun da ke tsoratar da muridi daga tambayar malaminsa dalili, da masu nuna cewa marar jagora Shaiɗan ne jagoransa. Daga baya misalin gawa a hannun mai wanka ya zama ruwan dare a littattafan tarbiyya. Amma Ƙushairin nan dai ya gargaɗi muridi kada ya ƙudurta cewa shaihunai ma'asumai ne. A ƙarni na 14 malaman Andalus sun yi jayayya a kan ko mai suluki yana iya wadatuwa da littattafai ba tare da shaihi ba, Shaɗibi ya aika tambayar zuwa Fas, Ibn Abbad da Ƙabbab suka amsa, Ibn Khaldun kuma ya rubuta Shifa' al-Sa'il a kan mas'alar. Ahmad Zarruƙ, wanda ya rasu a 1493 kuma malaman jihadi suka dogara da shi ƙwarai, ya cika Uddat al-Murid al-Sadiƙ da tona asirin shaihunan ƙarya. Al'adar da take tambayar kanta ko shaihi wajibi ne, take kuma auna shi da ma'aunin Shari'a, tana da tushe dabam da wadda take ganin guru mazhari ne na abin bauta, ko da rassan sun yi kama.

Hujja ɗaya tilo ta tarihi da aka saba kawowa a kan farkon sufanci ita ce labarin da Sarraj ya kawo a Al-Luma', cewa Abu Yazid al-Bisɗami ya abokanci wani Abu Ali al-Sindi, yana koya masa abin da zai tsayar da farillansa, shi kuma yana koya wa Abu Yazid haƙiƙanin tauhidi. R. C. Zaehner ya gina babban gini a kan wannan ɗan labari a littafinsa Hindu and Muslim Mysticism na 1960, yana cewa Sindi sabon musulunta ne daga Indiya da ya shigo da aƙidar Vedanta. A. J. Arberry ya yi masa raddi, an kuma nuna cewa nisbar tana iya komawa ga wani ƙauye a Khurasan. Tun kafin su, Louis Massignon ya nuna a 1922 cewa kalmomin sufaye na farko daga Alƙur'ani suka tsiro. Amma ɗalibin da ba ya son shaidar Bature yana da shaidar da ta fi kusa da zuciyarsa: Ibn Taimiyya, a risalarsa a kan sufaye da faƙirai, ya ce sufanci a Basra ya fara bayyana, cikin almajiran Hasanul Basri, ya kuma raba sufaye kashi-kashi, ya yabi wasu ya soki wasu. Wanda ya ɗauki Zahir a wannan mas'ala ya bar Ibn Taimiyya, ko ya sani ko bai sani ba.

Haɗarin manhajin kamanni ya wuce batun ɗariƙa, kuma wannan ne dalilin da ya sa nake ganin bai kamata a koyar da babin nan ba tare da gargaɗi ba. Mai ziyarar Hindu yana kewaya ɗakin bautarsa, yana aske kansa a wasu wuraren ziyara, yana ɗaura ƙyalle marar ɗinki, yana ɗebo ruwan Ganga ya kai wa mutanen gida. Alhaji yana ɗawafi, yana aski, yana ɗaura harami, yana ɗauko Zamzam. Idan kamanni hujjar aro ne, to me za mu ce wa wanda ya juyo da wuƙar kan rukuni na biyar? Kuma an juyo da ita. Snouck Hurgronje a 1880 da Wellhausen a 1887 sun bi irin wannan hanya suka mayar da ayyukan Hajji ragowar maguzancin Larabawa, wani marubucin Indiya mai suna P. N. Oak kuma ya yi da'awar cewa Ka'aba asalinta ɗakin bautar Hindu ce. Amsarmu gare su ita ce ibada tana karɓar hukuncinta daga umarnin da ya kafa ta da niyyar mai yin ta da Wanda ake nufi da ita, kuma kewaya abu ko aske kai ayyuka ne da 'yan Adam suka yi tarayya a cikinsu. Ba daidai ba ne mu riƙe wannan amsa idan an taɓa Hajji, mu jefar da ita idan mun juyo kan maƙwabcinmu Baƙadire ko Batijjane.

Idan aka dawo gida, hanyar da ɗariƙu suka bi zuwa ƙasar Hausa a rubuce take. Ƙadiriyya tana komawa ga Shaihu Abdulƙadir Jilani, Bahambalen Bagadaza da ya rasu a 1166, ta iso mu ta Sahara, ana danganta shigowarta da Maghili wanda ya zo Kano a zamanin Muhammadu Rumfa, ta kuma ƙarfafa ta hannun Kuntawa irin su Sidi Mukhtar da ya rasu a 1811. Tijjaniyya daga Fas ta taso, Alhaji Umarul Futi ya zauna da ita a Sakkwato a shekarun 1830, Modibbo Raji ya riƙe ta a Gwandu kafin ya ƙaura zuwa Adamawa, sannan Shaihu Ibrahim Inyas na Kaulaha ya faɗaɗa ta a ƙarni na 20. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya lissafa malamansa da abin da ya karanta a wajen kowannensu a Ida' al-Nusukh, Shehu Usmanu ma ya rubuta salsalolinsa. Mai bincike zai iya bin waɗannan sunaye ɗaya bayan ɗaya zuwa Agadas da Timbuktu da Misira da Hijaz. Wani abin lura kuma, sharuɗɗan Tijjaniyya kamar yadda Umarul Futi ya shimfiɗa su a Rimah sun hana muridi ziyarar waliyyan da ba na ɗariƙarsa ba domin neman madadi, rayayyu ko matattu. Ko ma mene ne ra'ayin mutum a kan wannan sharaɗi, ya nuna cewa jimlar "'yan ɗariƙa masu yawon kaburbura" ba ta ma bayyana yadda abin yake.

Yadda malaman jihadi suka yi da nasu shaihunan ya fi kowace muhawara bayani. Babu malamin da Shehu Usmanu ya girmama kamar Malam Jibrilu ɗan Umar, ya yabe shi a rubuce, ya ɗauki kansa ɗaya daga cikin 'ya'yan aikinsa. Amma da Malam Jibrilu ya tafi a kan kafirta masu aikata wasu manyan zunubai, Shehu ya saɓa masa a fili a Nasa'ih al-Umma al-Muhammadiyya da Shifa' al-Ghalil, ya nuna cewa wannan ba tafarkin Ahlus Sunna ba ne, ya kuma nema wa malaminsa uzuri da kishin addini. Shehun nan da ya ba da labarin ganin Shaihu Abdulƙadir a cikin wahayin zuci yana ɗan shekara 40, shi ne kuma ya lissafa shafar kabari da ɗibar ƙasarsa domin tabarruki cikin bidi'o'i a Ihya' al-Sunna, yana bin sawun Ibn al-Hajj mai Madkhal. Malam Abdullahi, wanda ya karanta a gaban yayansa tun yana yaro, ya saɓa masa a mas'aloli irin su kiɗa da sunayen sarauta da tufafin masu mulki. A 1807 ma, da ya ga son duniya ya fara shiga jama'a, ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar isa Haramaini, mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta Diya' al-Hukkam. Mutumin da yake kwance a Gwandu tun 1829, wanda jama'a suke ziyarta daga Jega da Aliero da sauran garuruwa, da kansa bai taɓa zama gawa a hannun kowa ba a kan abin da ya shafi hukuncin Allah.

Tarihin Jega ma yana da abin cewa. Malam Abdussalami almajirin Shehu ne, harin da Gobirawa suka kai wa jama'arsa a Gimbana yana cikin abubuwan da suka kai ga hijira zuwa Gudu a 1804. Bayan rasuwar Shehu a 1817 ya yi tawaye ga Muhammadu Bello, aka yaƙe shi, ya rasu a 1818, ɗansa Buhari kuma ya kafa Jega bayan an yi sulhu da Gwandu. Bello ya rubuta Sard al-Kalam a kan abin da ya gudana tsakaninsu, kuma abin da ke ciki muhawara ce ta fiƙihu a kan mubaya'a da adalci da jiɓintar abokan gaba. Ko a lokacin da alaƙar almajiri da gidan shaihinsa ta kai ga takobi, harshen da aka yi hukunci da shi na Shari'a ne.

Wannan duka ba ya wanke abin da idanunmu suke gani. Akwai mai zuwa Hubbare ya roƙi mai kabarin haihuwa ko kasuwa. Akwai mai ƙulla ƙasar wurin a leda ya kai wa marar lafiya. Akwai muridin da ya ɗauka ganin fuskar shaihinsa ya isar masa, ko hoton shaihi a wuyansa zai tsare shi, akwai kuma waɗanda ake kira 'yan haƙiƙa da maganganunsu suka kai manyan malaman Tijjaniyya ga barranta daga gare su. Wanda ya ƙudurta cewa ƙasa tana wanke zunubi ya isa ma'anar tirta, wanda ya mayar da kallon fuska ibada ya isa ma'anar darshan, alhali bai taɓa jin sunan Banaras ba. Alƙur'ani ya riga ya nuna mana inda wannan ciwo yake fitowa. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa gumakan da aka ambata a Suratu Nuh sunayen salihan bayi ne da mutanensu suka wuce iyaka wajen tunawa da su, aya ta 31 a Suratut Tauba kuma, tare da hadisin Adiyyu ɗan Hatim, ta bayyana yadda biyayya ga malamai wajen halattawa da haramtawa take zama bauta. Guluwwi ciwo ne na zuciyar ɗan Adam, yana tsirowa a duk inda aka so wani salihi ba tare da ilimi ba, kuma ƙasarmu tana da nata tsohon gado na yanka ga duwatsu da itatuwa wanda Shehu ya koka da shi a Nur al-Albab. Shaɗibi, a Al-I'tisam, ya lura cewa Sahabbai ba su yi tabarruki da Abubakar ko Umar irin yadda suka yi da Annabi ba. Wannan hujja tana shiga kunnen Bamalike. Ita kuwa hujjar Indiya kyauta ce ga mai guluwwi, domin yana iya rantsuwa da gaskiyarsa cewa bai san Hindu ba, kakansa ma bai sani ba, daga nan sai ya ɗauka an wanke shi. Ko Shaihu Abubakar Gumi, a Al-Aƙida al-Sahiha ta 1972, ƙarfin sukarsa yana wuraren da ya auna maganganun littattafan ɗariƙa da nassi.

Ya kamata a tuna kuma da inda Zahir ya rubuta littafinsa. A yankin Indiya da Pakistan Musulmi da Hindu sun yi ƙarnoni suna zaune tare, Hindu suna halartar kabarin Mu'inuddin Chishti a Ajmer, yarima Dara Shikoh ya rubuta Majma' al-Bahrain a 1655 yana neman daidaita sufanci da Vedanta, ya kuma sa aka fassara Upanishad zuwa Farisanci. A can tambayar cuɗanya tambaya ce ta gaske, Zahir kuma yana cikin fafatawa da Barelwiyya, waɗanda ya keɓe musu littafi guda. Ɗauko hukuncin Lahore a ɗora wa Gwandu ba tare da duba bambancin tarihi ba kuskure ne na mai ɗaukowa. Abin da Bahaushe ya sani na Hindu mafi yawansa daga finafinan Indiya ne, kuma aron da za a iya tabbatarwa da kunne shi ne na karin waƙa: masu bandiri a Kano sun ɗauki karin waƙoƙin finafinan suka ɗora musu yabon Annabi, kamar yadda Brian Larkin ya yi nazari. Wannan aro ne na sauti, hukuncinsa yana babin waƙa da kiɗa.

Akwai dai zare guda da ya cancanci a bi shi da gaske, kuma littafin Zahir bai bi shi zuwa Afirka ba. Muhammad Ghaus na Gwalior, shaihin Shaɗɗariyya da ya rasu a ƙarni na 16, ya fassara wani littafin yoga zuwa Farisanci da sunan Bahr al-Hayat, shi ne kuma mai Al-Jawahir al-Khams, littafin wuridai da sirrin sunaye. Sibghatullah ya mayar da Jawahir zuwa Larabci, malaman Madina irin su Shinnawi da Ƙushashi suka yaɗa shi, daga nan ya shiga hannun mahajjatan Magrib da na ƙasashenmu. Carl Ernst ya nuna cewa Muhammad al-Sanusi, a Al-Salsabil al-Ma'in inda ya lissafa ɗariƙu 40, ya kawo bayanin ayyukan masu yoga. Ga littafi, ga mai fassara, ga gari, ga hanyar mahajjata: irin wannan ne ake kira isnadi. Abin da zai iya fitowa daga binsa ya shafi tsarin numfashi a zikiri da hatimai da ƙididdigar sunaye, wato fannin asrar, ba ziyarar kabari ko mubaya'a ba. Ɗalibin da yake neman batun digiri na biyu zai iya farawa da kundayen rubuce-rubucen hannu da ke gidajen malamai a Gwandu da Jega, da tarin da ke Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, ya duba kwafi nawa na Jawahir ke akwai, wa ya kwafa, daga wa ya karɓi izini, kuma a wace shekara.